Kyamarar tsaro mai jin motsi, ko ƙaramar kyamarar wasanni da ke kwance a durowa?

Yawanci ba a tuna da kyamara sai an ga abin da ba a so. An wayi gari an tarar da alamar an taɓa kwaɗon ƙofa, ko keke ya ɓace daga inda aka saba jingine shi, ko kaya suna ta raguwa kaɗan-kaɗan ba a san hannun da ke ɗauka ba. A irin wannan lokacin ne wanda ya taɓa sayen ƙaramar kyamarar wasanni, irin su GoPro ko DJI Osmo Action da ake ɗaurawa a hular kwano ko a kan keke, yake tuna cewa tana nan ajiye ba ta aikin komai. Sai ya ce a ransa: kyamarar da ke ɗaukar hoto mai kaifi irin na 4K, ruwa ba ya shigarta, ga ta 'yar mitsitsiya, me zai hana in kafa ta ta tsare mini ƙofa?

Tambayar tana da ma'ana, kuma ni ma ba na son a fitar da kuɗi alhali akwai abin da zai yi aikin a gida. Duk da haka, shawarata ga mafi yawan mutane ita ce su sayi kyamarar tsaro, ko da mai sauƙi ce. Dalilin yana cikin yanayin aikin kansa. Gadi kusan dukkansa jira ne. Za a yi kwana da kwanaki babu abin da ya gitta, sannan abin da ake nema ya zo ya wuce cikin daƙiƙa goma, galibi cikin duhu, ba kowa a kusa da zai danna maɓalli. Ita kuwa kyamarar wasanni da wata manufa aka ƙera ta. Nick Woodman ya kafa GoPro a 2002 ne saboda yana son ɗaukar hoton masu wasan hawan igiyar ruwa, kuma kyamarar farko da ya fitar a 2004 mai fim ce da ake ɗaurawa a hannu. Har yau jinin nan ne a jikinta: ɗauka ta ɗan lokaci, da rana tsaka, mai ita yana kusa, iska ko ruwa suna sanyaya ta.

Yadda kowacce take gane an motsa

Kyamarorin tsaro suna bin hanya biyu. Ta farko ita ce na'urar jin ɗumin jiki da ake kira PIR. Jikin mutum yana fitar da zafi a matsayin hasken da ido ba ya gani, sai na'urar ta lura idan wannan ɗumin ya ƙetare daga wani ɓangaren gabanta zuwa wani. Wutar da take ci kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa kyamara mai batir take iya yin barci, ta bar PIR kaɗai a farke, batirinta ya yi watanni. Tana da halayenta da ya kamata a sani kafin a kafa ta. Ta fi jin wanda ya gitta ta gefe a kan wanda ya nufo ta kai tsaye. Jinta ba ya wuce 'yan mitoci, yawanci ƙasa da goma. Kuma ba ta ji ta bayan gilashi, domin gilashin taga yana tare irin wannan zafin. Duk wanda ya ajiye kyamara mai PIR a cikin ɗaki tana leƙen waje ta taga a rufe, ya toshe mata kunne ne.

Hanya ta biyu ita ce kwatanta hoto da hoto. Kyamarar tana kunne kullum, tana duba ko ɗigogin hoton nan sun bambanta da na wanda ya gabata. Wannan tana aiki ta bayan gilashi da rana, kuma tana hango nesa, amma komai motsi ne a wurinta: reshen bishiya, inuwar gajimare, fitilar mota, ruwan sama, gizo-gizon da ya yi saƙa a gaban idonta. Na zamani sun ƙara manhajar da ke tantance mutum daga dabba ko mota, kuma suna barin ka zana wurin da kake so a kula da shi, ka cire titi. Wannan ƙarin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Wayar da ta yi ƙara sau hamsin a dare saboda kyanwa, ba za a yi mako ba mai ita zai kashe sautin, daga nan kuwa amfanin kyamarar ya ragu da rabi.

Kyamarar wasanni ba ta da PIR. Wasu ƙananan samfura suna da zaɓin gano motsi a cikin saitinsu, wanda kwatanta hoto ne mara tacewa. GoPro kuwa ta fitar da wata manhajar gwaji a 2020 mai suna GoPro Labs, wadda ake ɗora wa wasu samfuranta, a riƙa ba su umarni ta hanyar nuna musu lambar QR, kuma a cikinta akwai fara ɗauka idan an ga motsi. Abin yana aiki, kuma masu ɗaukar tsuntsaye da namun daji suna morarsa. Amma dole kyamarar ta zauna a kunne tana kallo, tana shan wuta tana ɗaukar zafi. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, ko ta ɗauka, ba za ta gaya wa kowa ba. Kyamarar tsaro tana turo saƙo a wayarka lokacin da mutumin yake tsaye a ƙofar, ka buɗe ka gani, a wasu ma ka yi masa magana ta lasifikarta ko ka kunna jiniya. Ta wasanni sai ka dawo, ka ciro memori, ka zauna ka bincika. Wato ɗaya za ta iya hana ɓarna, ɗayar kuwa labari kawai za ta ba ka bayan an gama.

Dare

A nan ne maganar ta fi rabuwa, kuma a nan masu kafa kyamarar wasanni suka fi shan mamaki. Idon kyamarar zamani yana iya ganin hasken infrared, wani haske da idon mutum ba ya gani, amma da rana wannan hasken yana ɓata launi, saboda haka ake sa masa wani ɗan gilashi mai tace shi. A kyamarar wasanni gilashin nan a manne yake, ba ya motsi. A kyamarar tsaro kuwa, idan gari ya yi duhu za ka ji wani ɗan ƙas: an janye gilashin ke nan, sannan ƙananan fitilun infrared da ke kewaye da idonta su kunnu. Yawancinsu masu nanomita 850 ne, waɗanda ake ganin ɗan jan haskensu idan an ƙura musu ido, akwai kuma masu 940 da ba a gani ko kaɗan, sai dai ba su kai na farko nisa ba. Hoton yana fitowa fari da baƙi, amma ana ganin mutum sarai a wurin da ido ba ya ganin tafin hannu. Wasu kuma suna da farar fitila da ke kunnuwa idan an motsa, hoton ya fito da launi, wanda ya zo kuma ya san an gan shi.

Ka sayo fitilar infrared daban ka haska wa kyamarar wasanni, ba abin da za ta gani, tunda matacinta yana nan daram. Abin da ya rage shi ne a bar fitilar waje a kunne har safe. Ko da hakan, kyamarar za ta rage saurin ƙiftawarta don ta tara haske, sai bango da ƙofa su fito tas, mutumin da ke tafiya kuma ya zama kamar hayaƙi. Irin wannan hoton yana tabbatar maka an zo, abin da ka riga ka sani tun da safe.

Gargaɗi ɗaya ga mai kyamarar tsaro: fitilunta na infrared suna dawowa daga jikin gilashi su dallare mata ido. In dai dole ta kalli waje ta taga, a kashe fitilun a dogara da hasken waje. Abin da ya fi shi ne a fitar da ita waje kawai.

Wuta da zafi

Batirin GoPro daga HERO9 zuwa HERO12 mAh 1720 ne, kuma abin da yake bayarwa na ɗauka bai wuce awa ɗaya zuwa biyu ba, gwargwadon ingancin da aka zaɓa. Ke nan dole a jona ta da caja dare da rana. Matsaloli uku suke biyo baya. Sai an buɗe murfin gefe kafin wayar caji ta shiga, kuma da an buɗe shi maganar cewa tana jure nutsewa har mita 10 a ruwa ta ƙare, ƙura da danshi sun sami ƙofa. Ana sayar da murfi mai rami don wayar, amma bai mayar da ita yadda take a rufe ba. Na biyu, kyamarar da aka kafe wuri ɗaya ba iska tana bugunta tana yin zafi har ta kashe kanta don kare kayan cikinta, musamman a 4K ko idan rana na dukanta. Na uku, batirin litiyam da aka bari cike da caji a cikin zafi na tsawon makonni yana lalacewa, yakan kumbura. Mafita ita ce a cire batirin a bar ta a kan caja kaɗai, sai dai da an ɗauke wuta ta mutu nan take, kuma idan wutar ta dawo yawancinsu ba sa ci gaba da ɗauka da kansu sai an zo an danna.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi damuna. Kyamarar tsaro idan wuta ta dawo tana tashi, ta nemi Wi-Fi, ta gyara agogonta daga intanet, ta ci gaba da aiki ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Idan ta ɓace daga layi, manhajar wayarka za ta nuna. Ta wasanni kuwa za ta iya kwana biyar a mace a saman ƙofa, kai kana barci da tunanin akwai mai gadi.

Na waje daga cikin kyamarorin tsaro ana rubuta musu IP65, IP66 ko IP67, ma'ana an rufe su daga ƙura da ruwa alhali wayarsu tana jone. Akwai masu batir, har da masu ɗan faifan sola, akwai masu filogi, akwai kuma masu PoE, inda kebul ɗin intanet guda ɗaya yake kai wuta ya dawo da hoto har tsawon mita 100. Ga mai gidan kansa da zai iya huda bango, PoE na fi yarda da shi, domin ba ruwansa da raunin Wi-Fi ko cajin batir.

Lissafin memori

Wannan lissafi ne da kowa zai iya yi. Kyamarar wasanni a babban saitinta tana rubuta kusan megabit 100 a daƙiƙa, wato gigabayit 45 a awa. Memori mai gigabayit 128 bai kai awa uku ba ya cika. Kyamarar tsaro mai 1080p, wato ingancin hoto da bai kai 4K ba, da ke rubuta megabit 2 a daƙiƙa ba ta cika gigabayit ɗaya a awa, saboda haka wannan memorin zai ɗauki kusan kwana shida ba tsayawa, idan kuma motsi kaɗai take naɗa, ya yi makonni. An matse hoton ne da gangan, tunda bangon da ba ya motsi ba ya bukatar a yi ta maimaita shi.

Kyamarorin wasanni da yawa suna da saitin zagaye, inda sabon hoto yake goge tsoho. Yana hana memori cika, amma ba ya bambanta daƙiƙa goman da kake nema da sauran awannin banza. Idan an shigo da ƙarfe biyun dare kai kuma ka duba da bakwai na safe, mai yiwuwa an riga an rubuta wani abu a kai. Kowacce ka zaɓa, ka nemi memorin da aka yi don rubutu ba hutawa, irin su SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance. Memori na yau da kullum yana gajiya da yawan gogewa da rubutawa, kuma yakan mutu shiru.

Kyan hoto daban, gane fuska daban

Babu musu, da rana hoton kyamarar wasanni ya fi kyau nesa ba kusa ba. Launinsa, santsinsa, duk ta yi gaba. Amma tambayar mai tsaro ita ce ɗigo nawa suka sauka a kan fuskar mutumin. Masu girka kyamara sun daɗe suna aiki da wani ma'auni: ɗigo 25 a kowace mita sun isa a san akwai mutum, 125 a gane wanda aka riga aka sani, 250 kuma a tantance baƙon fuska. Hoton 1080p yana da ɗigo 1920 a faɗi, ke nan don tantance baƙo kada faɗin wurin da ake ɗauka ya wuce mita bakwai da rabi da ɗan kai. Idon kyamarar wasanni mai faɗi ne ƙwarai, an yi shi ne don ya kwashe sama da ƙasa. Idan ya buɗe digiri 120, faɗin nan yana cika tun a nisan mita biyu da 'yan kai a 1080p, ko wajen mita huɗu da rabi a 4K, wanda shi ne saitin da ke kawo zafi da cinye memori. Ga kuma lanƙwasar da yake yi wa gefen hoto.

Wannan lissafin bai bar kyamarorin tsaro ba, domin da yawa daga cikin na gida su ma faɗin ido gare su. Bambancin shi ne a can kana da zaɓi: mai faɗi don tsakar gida, mai matsattsen ido don ƙofar shiga. Kuma kyamarorin tsaro suna buga kwanan wata da lokaci a jikin hoton, abin da ake fara tambaya idan magana ta kai ga hukuma.

Sai kuma abin da mutane kan manta. Kyamarar wasanni ita kanta abin sata ce, ƙarama, mai daraja, mai sauƙin sayarwa, kuma shaidar tana cikin cikinta. Wanda ya gan ta zai sa ta a aljihu ya tafi da hotonsa. Kyamarar tsaro da ta riga ta tura hoton zuwa wayarka, ko akwatin naɗi da ke ɓoye a ɗaki, ko rumbun kamfani a intanet, ko an fasa ta aikin ya riga ya yiwu.

Kyamarar tsaro ma tana da nata

Ba na son a ɗauka da an saya shi ke nan. Masu batir suna ɗaukar ɗan lokaci kafin su farka, wani sa'in ƙeyar mutum kawai za su kama yana fita. Masu filogi sun fi a nan, domin da yawansu suna riƙe 'yan daƙiƙun da suka gabaci motsin. Sannan akwai kuɗin wata-wata. Wasu kamfanoni, irin su Ring da Amazon ta saya a 2018, sun gina tsarinsu ne a kan ajiya a intanet, idan ba ka biya ba, za ka ga abin da ke faruwa yanzu amma ba za ka koma baya ba. Wasu kamar Reolink, Eufy da Tapo suna da samfura masu ajiya a memori ko a akwati cikin gida. A tambayi wannan kafin a biya kuɗi. Wanda yake son ya haɗa kyamarori na kamfanoni daban-daban a akwati ɗaya, ya duba ko an rubuta ONVIF ko RTSP a jikin kwalin, wato ƙa'idojin da ke barin na'urorin kamfanoni daban-daban su yi aiki tare.

Abu mafi nauyi shi ne, duk kyamarar da ke kan intanet ƙofa ce. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da akwatunan naɗi a duniya, ba da wata dabara mai zurfi ba, sai don masu su ba su canza kalmar sirrin da aka sayo su da ita ba. Ranar da ka kafa kyamara, ranar za ka canza kalmar sirri, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu idan akwai, ka bar ta tana sabunta manhajarta. Ni dai ba na goyon bayan sa kyamara mai intanet a ɗakin kwana ko wurin da iyali suke sakewa. A wannan fuska kyamarar wasanni da ba ta jone da komai ta fi sirri, wannan gaskiyarta ce. Haka nan a kula da inda ido yake kallo. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, musamman kan naɗar murya, kuma a 2014 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa kyamarar gida da ke ɗaukar hanyar jama'a ta shiga ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane. Ko ba doka, tagar maƙwabci da tsakar gidansa ba hurumin kyamararka ba ne.

Inda ta durowa za ta wadatar

Akwai aikin da ban ga laifin a ba ta ba: tambaya guda, mai ƙayyadadden lokaci, da rana. Wace dabba ce take tone shukar da ke bayan gida da hantsi? Me kare yake yi idan an bar shi awa biyu? A irin wannan a sauke ta zuwa 1080p, a kashe saitin hana girgiza da GPS da allon baya don rage zafi, a cire batir a jona caja, a ajiye ta a inuwa. Ɗaukar hoto ɗaya duk bayan daƙiƙa ɗaya ko biyu ya fi bidiyo sauƙi a kan memori, kuma ana duba yini guda cikin mintuna kaɗan. Mai son wasa da na'urori zai iya jona ta da kwamfuta a matsayin kyamarar kwamfuta, abin da GoPro take yi tun daga HERO8, sannan ya bar manhaja irin ZoneMinder ko Agent DVR ta kula da motsi da tura saƙo. Zai yi aiki, amma an ƙara kwamfutar da ba za a kashe ba, kuma matsalar dare tana nan inda take.

Idan wurin ba shi da wuta ba shi da intanet, kamar rumbun ajiya ko fili mai nisa, kyamarar da masu binciken namun daji suke ɗaurawa a bishiya ta fi duka biyun dacewa. Tana da PIR, tana da infrared, tana aiki da batir AA na tsawon lokaci, tana ajiya a memori. Saƙo ne ba ta turawa, sai irin masu layin waya.

Amma idan abin da ke hana ka barci shi ne wanda zai zo ƙofarka da dare ko lokacin da ka yi tafiya, ka sayi kyamarar tsaro mai gane mutum, mai ajiya a gida, mai filogi ko PoE idan wuta za ta kai wurin. Ka kafa ta sama da inda hannu zai kai, wajen mita biyu da rabi, kada ka wuce haka sosai don kada ta riƙa ɗaukar tsakar kai maimakon fuska, kuma ka karkata ta yadda mai zuwa zai gitta gabanta. Bayan ka gama, ka jira dare ya yi, ka kashe fitilun da ka saba kashewa, ka sa hula ka zo ƙofar da saurin da baƙo zai zo. Ka duba daƙiƙa nawa saƙon ya yi kafin ya iso wayarka, sannan ka tsayar da hoton a kan fuskarka ka nuna wa wani a gidan. Idan ya yi jim kafin ya gane ka, ka sauko da kyamarar ko ka matso da ita kusa da ƙofa, ka sake gwadawa.